"Ai Gadon Gidanmu Ne": Sharhi Kan Binciken Gado da Ciwon Kai Mai Matsi

Akwai wani ciwon kai da kusan kowa ya san shi, amma ba kasafai ake zuwa asibiti dominsa ba. Yakan zo bayan doguwar rana, ya kama goshi da ƙeya da gefen kai duka biyu, kamar an naɗa wa mutum rawani an ja shi da ƙarfi. Ba ya bugawa dam-dam, ba ya sa amai, kuma mutum zai iya ci gaba da harkokinsa yana yamutsa fuska. A nan za mu riƙa kiran sa ciwon kai mai matsi, don mu bambanta shi da ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta shekarar 2016 ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.89 ne ke fama da mai matsi, masu ciwon ɓarin kai kuma biliyan 1.04.

Tambayi wanda ciwon ya addaba, sau da yawa amsar ɗaya ce: "Ai gadon gidanmu ne. Innarmu ma kullum kanta a ɗaure yake." A intanet kuma lokaci-lokaci za ka ci karo da labarin wai masana sun gano ƙwayar gadon ciwon kai. Maganganun nan biyu suna ƙarfafa juna, kuma ƙarshensu ɗaya ne: mutum ya haƙura, ya mayar da kemis gidansa na biyu. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu duba binciken da ake jingina maganar da su. Ra'ayinmu shi ne: gado yana da hannu, musamman ga masu yawan ciwon, amma hujjar da ake da ita ba ta kai nauyin kayan da ake ɗora mata ba. Babbar matsalar kuwa ta samo asali tun daga yadda ake ƙirga wanda ke da ciwon.

Ba irin sikila ba ne

Yawancinmu ta hanyar sikila muka san maganar ƙwayoyin gado. AA, AS, SS: harafi ɗaya ne ya canza a ƙwayar gado ɗaya mai suna HBB, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Lissafi ne tsaf, ana iya gwada shi kafin aure. To sai mutane suka ɗauka duk abin da aka ce gado ne haka yake.

Jikin mutum yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000, a rubuce cikin haruffan DNA kusan biliyan 3. In ka ɗauki mutum biyu, za su bambanta a wajen harafi ɗaya cikin kowane dubu. Halaye irin su tsawo da hawan jini da saurin jin zafi ba harafi ɗaya ke juya su ba. Dubban 'yan bambance-bambance ne, kowane yana ƙara ko rage ɗan kaɗan, sannan abinci da barci da aiki da damuwa su zo su yi nasu. Ko a fagen ciwon kai akwai wani nau'in ciwon ɓarin kai da ba kasafai ake gani ba, mai haɗawa da raunin ɓarin jiki na ɗan lokaci, wanda ƙwayar gado ɗaya ke iya jawowa. A 1996 aka gano ta farko, CACNA1A. Ciwon kai mai matsi ba ya cikin wannan sahu. Duk wanda ya yi maka maganarsa kamar yana maganar jinotayif, ya riga ya ɓatar da kai tun daga ƙofa.

Kopenhagen, 1997: dangi da abokan aure

Binciken da aka fi ambata ya fito a mujallar BMJ a 1997, daga masana a ƙasar Denmak, cikinsu har da Michael Russell da Jes Olesen. Sun ɗauki masu ciwon kai mai matsi na kullum, wato waɗanda ke yin sa kwana 15 ko fiye a wata, suka duba iyayensu da 'yan'uwansu da 'ya'yansu. Sai suka ga haɗarin samun irin wannan ciwo a wajen dangin ya kai kusan ninki uku na sauran jama'a. Mazaje da matan marasa lafiyar kuwa ba su nuna wani ƙari ba.

Dole a yaba dabarar sanya abokan aure a ciki. Miji da mata suna gida ɗaya, tukunya ɗaya, matsala ɗaya, amma ba jini ɗaya ba. In da gidan ne ke jawo ciwon, da su ma sun kamu. Sai dai akwai giɓi biyu. Na farko, abokin aure ya tarar da kai ne da girmanka. Wanda kuka tashi ɗaki ɗaya kun yi tarayya a abubuwan da ba jini ba: lokacin kwanciya, tashin hankalin gida, yadda ake kokawa da ciwo, da saurin miƙa hannu ga ƙwayar magani. Yaro da ya tashi yana ganin uwa tana haɗiyar magani duk yamma ya gaji wani abu, ko da DNA ɗinsa bai san da zancen ba. Na biyu, marasa lafiyar daga asibitin ƙwararru aka samo su, wato waɗanda ciwon ya fi tsananta wa ke nan. Abin da aka gani a danginsu ba lallai ya shafi ɗan tireda da kansa ke ciwo sau biyu a wata ba.

Rajista ɗaya, amsa biyu

Hanyar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan DNA ɗinsu iri ɗaya ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar sauran 'yan'uwa suke, sun yi tarayya a kusan rabi. Idan ciwon Hassan ya fi yawan zuwa tare da na Hussaini a rukunin farko fiye da na biyu, to gado na da hannu. Denmak tana da rajistar tagwaye ta ƙasa baki ɗaya, kuma daga cikinta aka yi manyan bincike kan wannan ciwo.

A 2004, Vibeke Ulrich da abokan aikinta sun wallafa nasu a mujallar Neurology. Sun fara da tagwaye 5,360 da aka haifa tsakanin 1953 da 1960, aka tace su da takardar tambayoyi, sannan likita ya zanta da waɗanda suka ambaci alamun ciwon kai ta wayar tarho. Sakamako: gado kashi 19 cikin 100, sauran kashi 81 kuma abubuwan da kowane ɗan tagwaye ya haɗu da su shi kaɗai a rayuwarsa.

A 2007, Russell da abokan aikinsa sun koma rajistar, suka ɗauki tagwaye haihuwa 7,360 masu shekara 12 zuwa 41, ta hanyar takardar tambayoyi da aka aika musu, suka cire duk waɗanda ke da ciwon ɓarin kai. Sakamako: gado kashi 48 ga maza, kashi 44 ga mata.

Ƙasa ɗaya, rajista ɗaya, shekara uku tsakani, amma adadin ya ninka fiye da sau biyu. Jinin mutanen Denmak dai bai canza ba a shekara uku. Abin da ya canza shi ne wa aka tambaya, ta yaya aka tambaye shi, kuma wa aka cire. Mai son ya ce gado ne sai ya ɗauki 48, mai son ya ce damuwa ce sai ya ɗauki 19, kowa ya tafi da hujjarsa. Mu a ganinmu darasin yana cikin tazarar da ke tsakaninsu.

Binciken da ya fi amfani ga mai karatu shi ne na tsakiyarsu, na 2006, inda Russell da abokan aikinsa suka duba tagwaye haihuwa 11,199 suka raba ciwon gida uku, kamar yadda Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya ta tsara: na jefi-jefi, ƙasa da kwana ɗaya a wata, mai yawan dawowa, kwana 1 zuwa 14 a wata, da na kullum, kwana 15 zuwa sama. Na jefi-jefi ya fito a matsayin na yanayin rayuwa, kowa na iya yin sa. Mai yawan dawowa ya nuna alamar gado. Na kullum kuwa, wanda shi ne ya fi wahalar da mutane, tagwayen da ke da shi sun yi kaɗan a yanke hukunci. Wato abin da ake ganin ana gada shi ne saurin dawowar ciwon. Wannan bambanci kusan kullum shi ne ke faɗuwa a hanya kafin labarin ya iso wayoyinmu.

Me kashi 48 ke nufi?

Ba yana nufin rabin ciwon kanka daga babanka yake ba, kuma ba yana nufin rabin 'ya'yanka za su yi shi ba. Adadin yana magana ne kan jama'a: a cikin bambancin da ke tsakanin mutanen wani wuri a wani lokaci, kashi nawa ne ke tafiya da bambancin jini. Ka ɗauki gero iri-iri ka shuka a gona ɗaya mai taki ɗaya. Bambancin zangarniya kusan duk na iri ne. Ka rarraba su, wasu a fadama wasu a fako, sai bambancin ƙasa ya rinjayi na iri. Irin bai canza ba, amma kason da ake ba shi ya ragu. Saboda haka adadin da aka samu a Denmak ba a ɗauko shi kai tsaye a dasa a Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro da ƙarar janareto da idon da ke buƙatar tabarau bai samu ba suka bambanta ƙwarai daga gida zuwa gida.

Akwai kuma wani abu da masu ambaton kashi 81 ba sa faɗa. A lissafin tagwaye, kuskuren awo yana faɗawa ne cikin kason nan na "yanayin rayuwa". In an tambaye ka kwana nawa kanka ya yi ciwo bara, amsar me za ka bayar? Hassan ya tuna, Hussaini ya manta, sai lissafi ya rubuta cewa rayuwarsu ce ta bambanta. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tagwaye masu kama ɗaya an fi yi musu anko, an fi haɗa su aji ɗaya, an fi ɗaukar su abu ɗaya, wanda hakan na iya kumbura kason gado. Adadin biyu duk suna da raunin su.

Farautar ƙwaya guda

Daga nan sai masana suka shiga neman ƙwayoyin gadon da sunayensu. Hanyar da aka bi a lokacin ita ce a zaɓi ƙwayar da ake zargi, a gwada ta a marasa lafiya da masu lafiya, a ga ko akwai bambanci. Biyu ne suka fi shahara.

Ta farko COMT, mai sarrafa wani sinadari da ke narkar da dofamin da adirenalin. Tana da siga biyu, Val da Met, kuma ta Met ta fi sanyin aiki. Wani bincike a mujallar Science a 2003 ya nuna sigar da mutum ke ɗauke da ita tana shafar yadda ƙwaƙwalwa ke amsa zafi, don haka zargin yana da tushe. A 2011 masana a Sifaniya suka gwada yara 70 masu ciwon kai mai matsi na kullum da yara 70 masu lafiya. Rabon sigogin bai bambanta tsakanin rukunan biyu ba. Abin da aka samu shi ne, a cikin marasa lafiyar, masu Met biyu sun fi daɗewa da ciwon kuma sun fi saurin jin zafi in an danna musu tsoka. To amma raba yara 70 gida uku, nawa ke nan a kowane gida? Wannan abin lura ne da ya cancanci a sake gwadawa, ba a ɗauke shi a matsayin an gano ba.

Ta biyu ita ce ƙwayar da ke kula da jigilar sinadarin serotonin, mai siga doguwa da gajera, da ake kira 5-HTTLPR. Wani bincike a Koriya ta Kudu a 2004, mai kimanin mutum ɗari a kowane ɓangare, ya ga gajerar ta fi yawa a masu ciwon na kullum. Ita wannan ƙwaya tana da tarihi. A 2003 an danganta ta da ciwon damuwa a wani bincike da ya yi tashe a duniya, aka yi ta rubutu a kai shekara da shekaru. A 2019 Richard Border da abokan aikinsa suka gwada ta tare da sauran ƙwayoyin da ake zargi, 18 gaba ɗaya, a samfuran da mafi girmansu ya haura mutum 400,000. Ba su ga hujjar da ta tsaya ba. Wannan bai kore alaƙarta da ciwon kai kai tsaye ba, amma ya nuna yadda hanyar kanta ke yaudara. In ka gwada abu ashirin da ma'aunin da ke yarda da kuskure sau ɗaya cikin ashirin, ɗaya zai iya fitowa da sa'a kawai. Shi ne za a wallafa, sauran goma sha tara su kwana a durowa.

Babban samfuri, gurguwar tambaya

Hanyar da ta maye gurbin wannan ita ce a leƙa miliyoyin haruffan DNA lokaci guda a dubban ɗaruruwan mutane, ba tare da zargin kowace ba, kuma ba a yarda da sakamako sai yiwuwar sa'a ta gaza 5 cikin miliyan 100. A ciwon ɓarin kai ta yi aiki: wurare 38 a 2016, sannan 123 a 2022, daga marasa lafiya 102,084. Ciwon kai mai matsi, duk da ya fi yawa, bai samu irin wannan jeri ba.

Wanda ake yawan kawowa a madadinsa shi ne na 2018 da aka yi da rumbun UK Biobank na Birtaniya, mai mutum 223,773, inda aka samu wurare 28. Sai dai duba tambayar da aka yi wa mutanen: ko a watan da ya wuce sun yi ciwon kai da ya kawo cikas ga harkokinsu na yau da kullum. Ba a raba nau'i ba. Kuma wane ciwon kai ne ya fi kwantar da mutum? Ciwon ɓarin kai. Ba mamaki 14 daga cikin wuraren 28 dama an san su da shi. Kama da wane ba ta wane.

A nan gizo ke saƙa. Ka'idojin gane ciwon kai mai matsi, tun fitowarsu ta farko a 1988 har bugu na uku a 2018, yawanci suna faɗin abin da ba shi da shi ne: ba ya bugawa, ba ya tsanani, hawa bene ba ya ƙara shi, babu amai. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da shi. Don haka kwandon yana ɗaukar wanda bai yi barci ba, da tela mai yini a sunkuye, da mai ciwon ɓarin kai maras ƙarfi, da wanda jijiyoyinsa suka zama masu saurin jin zafi bayan shekaru. Masana a Kopenhagen sun nuna cewa a na kullum tsokokin kai da wuya sukan yi tsami in an taɓa, kuma hanyoyin isar da zafi a laka da ƙwaƙwalwa sukan ƙara kaifi. Wannan na ƙarshe shi ne wurin da ya fi dacewa a nemi gado. Muddin ana zuba su duka a kwando ɗaya, ƙara yawan mutane ba zai warware matsalar ba.

Jinin wa aka duba?

Wancan babban binciken ciwon ɓarin kai na 2022 a kan masu asalin Turai aka yi shi. Wata ƙididdiga a mujallar Nature Medicine a shekarar ta nuna kashi 86 cikin 100 na mutanen da ke cikin irin waɗannan bincike Turawa ne, 'yan Afirka kuwa kashi 1.1. Alhali Afirka ce ta fi ko'ina yawan bambancin DNA. A 2020 shirin H3Africa ya karanta DNA na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, cikinsu har da Berom na Filato, ya samu bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Ita kanta sigar Met ta COMT ta fi yawa a Turawa fiye da 'yan Afirka ta Yamma. Saboda haka duk wanda ya ce zai karɓi yawunka ya faɗa maka haɗarinka na ciwon kai mai matsi, tambaye shi da wane jeri zai auna, kuma a kan su wa aka gwada shi.

Ga masu bincike na gida, aikin farko mai arha ne: tambayoyi da Hausa da aka tabbatar suna raba ciwon ɓarin kai da mai matsi, da littafin ƙirgen kwanaki maimakon dogaro da tuni. In ba a yi wannan ba, ko an samu kuɗin karanta DNA kuskuren wasu za a maimaita.

Abin da ke hannunka

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, kuma in ciwon yana yawan dawo maka, mai yiwuwa ka gaji jiki mai saurin amsa shi. Amma haɗarin kalmar "gado" shi ne takan rufe bincike. Wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata har sama da wata uku yana iya samun wani ciwon kai na daban da maganin kansa ke jawowa. Ga tiramadol da kodin da magungunan da aka haɗa da kafin, kwana 10 a wata sun isa. Sai mutum ya ƙara magani, ciwon ya ƙaru, ya ce ai haka Inna ta yi fama.

Ka sami kalanda ka riƙa yin alama wata biyu: ranar ciwo, ranar shan magani, awa nawa ka yi barci, ko ka tsallake abinci, ko ka rasa goro ko shayin da ka saba. In kwanakin ciwon sun kai 15 a wata, ka kai wa likita kalandar. Akwai maganin rigakafi, irin su amitiriftilin, wanda likita ne ya kamata ya rubuta. In kuwa ciwon ya zo farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko raunin hannu ko ƙafa, ko bayan buguwa a ka, ko ga mai juna biyu da ganinta ke dishi-dishi, wannan ba na kalanda ba ne. A tafi asibiti a ranar.